Jarka Goma Sha Huɗu a Bayan Karafan

Aziziyya, Makka,
Talata da hantsi.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, ina gaishe da Nafisa, da jikata Ummi wadda ba ta cin abinci sai an yi mata waƙa. Allah Ya tsare min ku a gida da hanya, Ya sa wannan aiki da ka samu a Tabuk ya zama alheri gare ku baki ɗaya.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni, alhali bene ɗaya ne tsakanin ɗakina da naku. Sau uku ina haurowa da niyyar in faɗa maka da baki, sau uku ina shan shayin Nafisa in sauko ban ce komai ba. Na kuma san Larabci ya fi maka sauƙin karatu. Ka yi haƙuri ka bi ta sannu a hankali, da yatsa, yadda muke yi kana ƙarami. Shekara talatin da uku na yi ina koyar da lissafi da Larabci, amma wannan magana da Hausa ta faru. Da Hausa mahaifiyarka ta yi min gargaɗi, da Hausa kuma na ƙi ji.

Ranar Asabar za ka ɗaura karafan, ɗakin nan mai taya da mota ke ja, a bayan motarka, ka zuba matarka da 'yarka a mota, ku bi hanyar Madina. Ranar da ka kawo shi ka kira ni in gani, kana murna, kana nuna min gado da ɗan kicin da tagar da Ummi za ta riƙa leƙe, ka lura fuskata ta canja. Ka tambaye ni ko jikin ne, na ce maka eh. Ba jikin ba ne. Tun kana da shekara huɗu aka gaya maka cewa taya ce ta fashe mana a hanyar Madina, mota ta ƙwace, mahaifiyarka ta rasu. Ni na gaya maka haka, ni na gaya wa kowa, har gwaggonka Hansatu da ta raine ka. Babu tayar da ta fashe, Abba. Karafan ne na ɗaura wa motar da ba ta iya riƙe shi ba, na kuma cika shi da kayan da na ji kunyar ƙi.

Lokacin muna unguwar Nakkasa, a gidan can na saman dutse wanda aka rushe daga baya. Ina koyarwa, in lokacin Hajji ya zo kuma in tafi Mina ina yi wa alhazai jagora. A shekarar ne na ga karafan a bakin wata warsha, wato wurin ƙira da gyara. Wani maƙeri ne ya ƙera shi da hannu, ƙarfe da katako, ya shafa masa farin fenti da shuɗin layi. Ina ganinsa na ji ya shiga raina. Na hango mu a bakin teku lokacin hutun makaranta, kana wasa da yashi, mahaifiyarka Hauwa na dafa mana shayi a ƙofa. Ban tambayi nauyinsa ba. Babu ko ɗan allon ƙarfen da ake rubuta nauyi a jikinsa, ni kuma ban san ya kamata a ce akwai ba. Na saya, na kai doguwar motarmu mai ruwan ƙasa, wadda kake gani a hoto, wajen Malam Idi don ya ɗaura mata ƙugiyar ja.

Ba za ka tuna Malam Idi ba. Makanike ne, ta Chadi iyayensa suka zo da shi yana goye, bai taɓa shiga aji ba. Ya zagaya karafan sau biyu, ya sa kafaɗa ya tura shi, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashinsa. Ya ce min akwatin nan ya fi ƙarfin motata, kuma ba shi da birkin kansa. Na yi dariya, na sa ya ɗaura ƙugiyar, na ja shi na zagaya fili na dawo na tsaya a gabansa ina murmushi, na ce ga shi tana ja.

Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Ja ba shi ne magana ba, Ustaz. In ƙasa a shafe take ko akuya ma ta ja shi. Tsayawa nake tambaya. In kuna gangara, wa zai tsayar da wa?"

Ya tambaye ni ko ina da littafin motar, in karanta masa abin da masu ƙera ta suka ce, tunda ni ke da karatu. Littafin yana aljihun gaban motar, a cikin ledarsa, ban taɓa buɗe shi ba. Na ce masa zan duba. Ban duba ba sai bayan wata uku da rasuwar mahaifiyarka, lokacin da aka kawo min ragowar kayan cikin motar a kwali. Lambar tana nan a shafi guda, layi biyu kacal. Kilo dubu ɗaya da ɗari biyu in abin da ake ja yana da birki, ɗari shida in ba shi da shi. Malam Idi ya ƙiyasta karafan ɗin, babu komai a cikinsa, ya haura dubu. Ɗan aji huɗu zai iya wannan lissafi. Ni na raina shi ne saboda daga bakin mai baƙin hannu ya fito. Ka kiyaye wannan hali, ɗana, don na ga alamarsa a gare ka, kuma a wajena ka gada. Takardar jami'a tana sa mutum ya riƙa jin maganar masu sana'a kamar hayaniya. In wanda ya shekara ashirin a ƙarƙashin motoci ya tsaya ya yi shiru yana kallon abinka, ka tsaya kai ma ka tambaye shi me ya gani.

Ranar Juma'a, kuna wajen surukanka, na ɗauki makullin da ka bari na sauka ƙasa da tabarau da takarda. Ka yafe min wannan shiga sharo, amma na yi abin da ban yi ba wancan karon. Littafin motarka ya ce tana jan kilo dubu ɗaya da ɗari biyar in karafan yana da birki mai aiki, ɗari bakwai da hamsin in babu. Allon da ke jikin karafan, kusa da ƙofa, ya ce nauyinsa babu kaya dubu ɗaya da ɗari biyu da tamanin, iyakar abin da aka yarda ya kai da kaya kuma dubu ɗaya da ɗari shida. Ka ga abin da ya hana ni sukuni. Karafan ɗin ya yarda ka cika shi har ya wuce abin da motarka ta yarda ta ja. Wanda ya sayar maka, lambar nauyinsa babu kaya ya nuna maka, kai kuma ka ga ta gaza dubu da ɗari biyar sai hankalinka ya kwanta. Amma ba wanda yake tafiya da karafan babu komai a ciki.

Bari mu yi shi tare, kamar a allo. Mai shi na da ya ƙara masa mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da janareto, kuma allon bai san da su ba, domin bayan an buga shi aka sa su. Na ba su kilo casa'in, ina jin ma na rage. Tankin ruwa lita ɗari ne, lita ɗaya kuma kilo ɗaya ce. Tukunyar gas biyu, hamsin. Ka haɗa. Dubu ɗaya da ɗari biyar da ashirin, ba a sa ko tukunya ɗaya ta Nafisa ba, ba a sa bargo ba, ba a sa keken Ummi ba. In ka zubar da ruwan tanki sai kun isa, ka bar tukunyar gas ɗaya, za ka sauko ƙasa da dubu da ɗari huɗu da ɗan kaɗan. Motarka ita kanta kilo dubu ɗaya da ɗari bakwai ce, kuma masu sanin harkar suna ba sabon shiga shawara kada abin da yake ja ya wuce kashi tamanin da biyar cikin ɗari na nauyin motarsa. A wajenka dubu ɗaya da ɗari huɗu da arba'in da biyar ke nan. Abin da ya rage maka na kaya bai wuce buhu guda ba. Kada kuma ka ce ka yi dabara ka kwashe sauran ka cusa a bayan mota. Ka buɗe ƙofar direba ka duba allon da ke jikin ginshiƙi, za ka ga motar ma tana da iyakarta, akwai kuma lambar da ta haɗa mota da karafan da ku da ke ciki gaba ɗaya. Ko wacce ka tsallake, ka tsallake doka. Duk wannan ƙiyasi ne na tsoho mai tabarau. Mizani ne kaɗai zai faɗi gaskiya, kuma zan dawo kan wannan.

Da a ce a nan kuskurena ya tsaya, wataƙila da mun isa. Abin da ya ƙarasa mu shi ne saƙo.

Ka san halinmu. Ba a fita daga Makka hannu rabbana, kuma ba a jin wani zai yi hanyar Madina a bar shi ya tafi shi kaɗai da iyalinsa. Kowa yana da ɗa ko ƙanwa ko suruki a can, kowa yana so a kai masa Zamzam. A wancan lokaci jarka mai lita ashirin muke cikawa. Lungunan Nakkasa ba sa shigar mota, don haka karafan yana tsaye a fili a gindin dutse, duk wanda ya sauko sai ya gan shi. Kwana biyu kafin mu tashi, na sauko na tarar da Hajiya Tabawa zaune a kan jarka, wasu biyu a gefenta. Ita ce ta karɓi haihuwarka, ita ta yi wa mahaifiyarka wankan jego, don Hauwa ba ta da uwa a Makka. Ta dube ni ta dubi karafan ta ce, "Ustaz, wannan ɗaki naka mai taya ai unguwa duka zai ɗauka. Ga na ɗan'uwanka, ka ce masa ya sha ya tuna yana da uwa." Na rusuna na ce ai ko goma ne a kawo.

Wanda ya karɓi na Hajiya Tabawa a gaban jama'a ba shi da bakin ƙin na kowa. Kafin la'asar ta washegari jarka ta kai goma sha huɗu. Aka kawo buhun shinkafa biyu, aka kawo keken ɗinki na wata amarya, aka kawo ƙullin gero da alhazai suka zo da shi daga gida. Kowa ya kawo sai ya ce ɗan abu ne ba yawa, kuma gaskiya ya faɗa, nasa ba yawa. Ni kaɗai nake ganin jimilla, ni kuma na ƙi haɗawa. Goma sha huɗu sau ashirin, Abba. Kilo ɗari biyu da tamanin na ruwa kawai.

Mahaifiyarka ta sauko da kwanukan tafiya, ta tsaya a ƙofar karafan ba ta shiga ba. Ba mai yawan magana ba ce a gaban mutane, sai da aka watse ta ce min kayan nan sun yi yawa, in mayar wa mutane da wasu, ita za ta shiga gida-gida ta ba su haƙuri in ni ina jin nauyi. Na ce mata Zamzam ne fa, ruwan albarka ne, ba ya cutar da wanda ya ɗauke shi.

Ta ce, "Albarkarsa a ciki take, Malam. Nauyinsa kuma a kan taya."

Na ji zafin maganar don gaskiya ce, sai na mayar da ita wasa, na ce yaushe ta zama malamar lissafi. Ta yi murmushi ta hau gida. Na roƙe ka, in Nafisa ta ce maka wani abu bai kwanta mata ba, kada ka amsa mata da barkwanci. Ni na iya ba mutane dariya, ɗalibaina sun sani, kuma da wannan baiwa na rufe bakin matar da take ƙoƙarin ceton ranta da naka.

Gaban karafan gado ne da kabad, don haka duk jarkokin a can ƙarshen baya na jera su, bayan tayoyi. Da muka zo ɗaurawa sai na ga hancinsa, wato ƙarfen da ke hawa ƙugiya, ya yi sauƙi har na ɗaga shi da hannu ɗaya. Na yi ta nuna wa mutane ina alfahari, suna cewa kai, wannan abu ba shi da nauyi ashe. Wannan sauƙi shi ne ajalin da ban gane ba. In nauyi ya taru a baya, hancin karafan yana ɗaga bayan mota sama, tayoyinta na baya su rage kama ƙasa, shi kuma ya riƙa lilo yana jan ta. Dole hanci ya danna ƙugiya, amma da ƙima. Littafin motarka ya ce kada ya wuce kilo saba'in da biyar, don in ya wuce gaban mota ne zai ɗaga, sitiyari ya daina jin magana. Ka ɗauki sikelin banɗaki, ka ɗora guntun katako a tsaye daidai tsawon ƙugiya, ka sauke hancin a kai a wuri mai shafe, ka karanta. Kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, daidai saman tayoyi, a ɗaure su kada su yi yawo.

Mun tashi da hantsi. Tun kafin mu yi nisa na fara jin bayan motar yana rawa duk sanda babbar mota ta wuce mu. Na ga karafan a madubi yana leƙowa dama, yana leƙowa hagu, sannan ya koma daidai. Na ci gaba da tuƙi. Mahaifiyarka ma ta ji, don na ga ta dafa gaban mota da hannu. Da azahar muka tsaya a wata mahaɗɗa, wato gidan mai, mai masallaci. Bayan mun yi salla ta same ni ina zagaya tayoyi, ta ce mu sauke jarkokin nan a ƙofar masallaci matafiya su sha, ladan ya isa ga masu shi, in mun dawo ta yi musu bayani. Na ce ba zai yiwu ba, amanar mutane ce, da wane ido zan kalli Hajiya Tabawa.

Ta ce, "Mu ma amana ne."

Da muka koma mota ba ta zauna a gaba ba. Ta buɗe baya ta zauna kusa da kai, ta ɗora ka a cinyarta ta rungume. Na gani a madubi, na kuma ji haushi, na ɗauka fushi take yi da ni. Na tayar da mota.

Ba mu yi awa ɗaya ba muka kai wata doguwar gangara. Nauyin da ke baya ya fara tura mu, gudu yana ƙaruwa ba tare da na taka totur ba. A daidai nan wata tirela ta wuce mu, iskarta ta bugi gefen karafan. Ya karkata dama, ya dawo hagu fiye da yadda ya tafi, ya sake komawa. Na yi abu biyu da duk mai tsoro yake yi. Na taka birki da dukan ƙarfina, na kuma riƙa murɗa sitiyari ina son in gyara shi. Motar ta rage gudu, shi kuwa ba shi da birki, bai san an tsaya ba. Ya zagayo ta gefe kamar ana rufe littafi, ya ɗauke bayanmu, muka bar kwalta. Ban san sau nawa muka juya ba.

Abin da na fara ji da na dawo hayyacina ƙarar ruwa ce. Karafan ya tarwatse, jarkoki sun bazu a kan hanya da cikin duwatsu, wasu sun fashe suna kwarara, ƙasa duk ta jiƙe da rana tsaka. Kafaɗata ta karye. Na ja jiki na zagaya, na same ku a kujerar baya, kana kuka a ƙarƙashin mahaifiyarka, hannunta biyu a kanka. Tabon da ke saman girarka shi ne kaɗai abin da ya same ka. Ita tana numfashi lokacin da aka ɗauke ta, amma ba ta kai asibiti ba.

In lilo ya kama ka, Allah Ya kiyaye, ka ɗage ƙafarka daga totur a hankali, ka riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, kada ka yi kokawa da shi, kada ka danne birki gaba ɗaya. Ka bar gudun ya mutu da kansa. Kafin ka shiga gangara ka rage gudu ka sa ƙaramar giya, ba a tsakiyarta ba. In kuma ka ji rawa ko sau ɗaya ce, ka tsaya a wuri na farko mai aminci ka sake shirin kaya, ko ka sauke. Ni an ba ni gargaɗi tun daga bakin gari har azahar. Ba kowa ake ba wannan dama ba.

Jami'in murur da ya zo, wato ɗan sandan hanya, dattijo ne mai natsuwa. Ya zagaya ya duba tayoyin mota huɗu da na karafan biyu, duk lafiyarsu lau. Na gan shi yana ƙirga jarkoki da bakin alƙalami. Ya zo ya tsuguna inda nake zaune, ya yi min ta'aziyya, ya karɓi takarduna, ya ga an rubuta malami. Ya tambaye ni me nake koyarwa. Na ce lissafi. Ya dube ni na ɗan lokaci, ya rufe littafinsa bai ce komai ba. Na fuskanci abin da doka ta tanada, ban yi gardama ba, amma babu hukuncin da ya kai min wannan shiru. Saboda haka kafin Asabar ka je ofishin murur da istimarar motarka, wato takardar rajistarta, da takardun karafan, ka tambaye su da bakinka abin da ake buƙata na izini da lamba da fitilu, da ko lasisinka ya isa wannan nauyi. Kada ka dogara da abin da abokai suka faɗa a waya. Ka tambayi masu inshora ma ko sun san za ka ja abu. Na daɗe ina ɗaukar waɗannan dokoki a matsayin takura. Yanzu na san kowace lamba da ke cikinsu wani ne ya riga ni zama a bakin hanya.

A Madina aka binne ta. Masu zuwa gaisuwa suna ta cewa ta dace, ta samu makwanci mai daraja, ƙaddara ce ba makawa. Na yi imani da ƙaddara, har gobe. Amma na san bambancin wanda ya sallama wa hukuncin Allah da wanda ya ɓuya a bayansa, don ni na biyun na yi. Ranar uku Hajiya Tabawa ta hauro gidanmu da sandarta, ta zauna a bakin ƙofa, ta ƙi shiga. Da mutane suka ragu ta kira ni da hannu, ta rage murya ta ce, "Ustaz, ba dai kayanmu ba ne?" Na ce a'a Hajiya, taya ce. Na gaya wa kaina don ita na yi, kada tsohuwa ta mutu da wannan a zuciya. Akwai gaskiya a ciki, amma kaɗan ce. Mafi yawanta don kaina na yi, kada a ce malamin lissafi ya kasa haɗa goma sha huɗu sau ashirin.

Ka ga abin da ƙaryar ta haifa. Babu wanda ya koyi komai daga mutuwar Hauwa. An rushe Nakkasa, mun watsu, jarka ta koma galan mai lita biyar, amma halin yana nan. Shekaranjiya na ƙirga abin da aka tara a falonku, galan ashirin da biyu, da kwalin dabino, da wata tukunyar lantarki. Kilo ɗari da goma na ruwa kaɗai, a kan lissafin da na nuna maka ba ya da wurin buhu biyu. Na kuma ji ka a bene kana ce wa wani ai ba komai a kawo, da irin muryata sak.

Don haka jiya na yi abin da mahaifiyarka ta ce za ta yi na hana ta. Na karɓi sunayen masu saƙo a wajen Nafisa, na bi su gida-gida. Na ce musu ba kai ka aiko ni ba, ni na hana, duk mai jin haushi ya ji nawa. Akwai masu motar ɗaukar kaya da ke zuwa Madina kullum, na ce zan kai kayan wajensu da kaina. Wasu sun fahimta, wasu sun ɓata rai, wani ya ce tsufa ya fara taɓa Ustaz. Na ƙarshe gidan Hajiya Larai ne, 'yar marigayiya Tabawa, wadda ta kawo galan huɗu na yayanta. Ita na gaya wa komai, yadda na rubuta maka. Da na gama, ta ce yanzu ta gane wani abu. Ta ce tun daga wannan shekara har Inna ta koma ga Allah ba ta sake ba wani matafiyi saƙon ruwa ba, ko kofi ɗaya, kuma duk tambayar da suka yi mata ba ta taɓa faɗin dalili ba. Ashe ƙaryata ba ta sauke mata komai ba, Abba. Ta dai bar ta ta ɗauka ita kaɗai. Hajiya Larai ta sa mayafi ta biyo ni, ta kwashe galan ɗinta da hannunta.

Ga abin da nake roƙo. Akwai mizanin manyan motoci a wajen masu sayen tsohon ƙarfe, a hanyar fita gari, na yi magana da mai wurin. Ranar Alhamis bayan la'asar ka shirya karafan yadda za ka tafi da shi, da komai nasa, ka ja shi can. A auna shi shi kaɗai, a auna motar da ku a ciki, a auna su tare. Ka sa makanike ya gwada birkin karafan a gabanka, don in ba ya kamawa lambarka ta koma ɗari bakwai da hamsin, magana ta ƙare. In lambobin sun zauna a ƙarƙashin iyaka, ku tafi da albarkata. In sun wuce, ka sauke har su zauna. In sun ƙi zama, ka bar min shi a nan ku tafi da mota kaɗai, daga baya a nemi wadda ta fi ƙarfi ko a sayar. Na san ka riga ka gaya wa abokan aikinka, na san Ummi ta riga ta zaɓi gadonta. Kunyar kwana biyu ce. Na san wadda ta fi ta tsawo.

Ban san yadda za ka kalle ni ba bayan ka gama karanta wannan. Shekara ashirin da shida ka yi kana tausaya min a kan abin da ni na jawo, na kuma bari kana yi. In ba ka son magana da ni kafin ku tashi, ba zan ga laifinka ba, ba kuma zan hauro ba sai ka kira. Gafararka ina nema, amma ba ita ce sharaɗi ba, kuma ba na gaggawarta. Mizanin ne nake gaggawa. Zan je can ranar Alhamis in zauna a gefe. Ko ba ka gaishe ni ba, ka bar ni in ga lambar da idona.

In kun isa Madina ka shiga maƙabarta ka yi wa mahaifiyarka addu'a. Ita ta yi lissafin daidai tun a gindin dutse, ba ta da allo ba ta da alli, kuma da ta ga ba za a ji ba sai ta koma baya ta zauna inda kake.

Allah Ya ji ƙanta, Ya haskaka makwancinta, Ya ji ƙan Hajiya Tabawa da Malam Idi. Allah Ya kiyaye ku a hawa da gangara, Ya tsare gabanku da bayanku, Ya sauke ku lafiya, Ya dawo min da ku ku uku kamar yadda kuka tafi. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka.